Kunama ta Biyu

A rumfar jira ta filin harbi, bayan garin Bulawayo, wani saurayi ya zauna kusa da Dlodlo, tsohon mai raka baƙi farauta. Saurayin sai shafa bindigarsa mai baki biyu yake yi.

"Baba, da hannun nan za ka yi harbi? Yatsa ma babu."

"Ɓauna ce ta karɓa. Sai yau na dawo, da bindigar aro."

"Kai! Tawa ma ta wani ce da ɓauna ta tattake. Yana kwance a asibiti matarsa ta sayar, ta kama gabanta. An ce tsoro ya hana shi jan kunama ta biyu. To don me aka yi baki biyun?"

Dlodlo ya ƙura wa wani tsagi da ya sani a gindin bindigar ido.

"Baƙon da ya raka ne ya rikice, ya faɗo tsakaninsa da ɓaunar. Da ya ja, da mutum ya kashe."

"Haba Baba, kana wurin ne?"

"Baƙon ya koma ƙasarsu da ƙahonin, ɗana. Kai ga ka da bindigar. Ni tsoron aka bar mini."