Ranar da Aka Ba Ni Goyo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rahila.

Har yau in na ji ƙamshin ganyen tumatir da aka yi wa ban ruwa, sai in tuna da wata safiya a Kadawa, shekarar da ruwan Tiga ya fara isowa gonakinmu.

Ina kwalejin horon malamai ciwon taɓin hankali ya kama ni. Ina jin muryoyi, ina bin bakin kanal ɗin ban ruwa ba takalmi, ina yi wa ruwa magana. Babana, direban tarakta, ya kai ni asibiti a Kano. Na sha magani, na samu sauƙi, har yanzu ma ina sha.

Amma da na dawo gida, sai aka ware mini kofi. A majami'a ana gaishe ni da fara'a, sai dai in na miƙa hannu ga jariri, uwarsa ta ce yanzu ya yi barci. Ni da nake mafarkin koyar da yara!

Na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, ka warkar da kaina. Yanzu ka warkar da idon da ake kallona da shi."

Safiyar da nake ba ku labari, Inna Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta shigo da jikarta a baya. Ta ce za ta kasuwar Kura, yarinyar kuwa ta yi mata nauyi. Mamata ta miƙe za ta karɓa, Inna ta wuce ta.

"Juyo, 'yar boko," in ji ta. "Ko ba a koya muku goyo a makarantar ba?"

Ta ɗaura mini ita, ta fice ba ta waiwaya ba. Ɗumin numfashin yarinyar a wuyana kamar ruwan farko a busasshiyar ƙasa. Na je rijiya da ita, mata suka gani. Kafin a tsinke tumatir, shugabar zumuntar mata ta ba ni ajin yara na Lahadi.

Godiya ga Allah! Ku dogara gare shi, ku kuma miƙa wa irinmu amana, domin ita ma magani ce.

Sai bayan rasuwar Inna 'yarta ta gaya mini: ran nan ba ta je Kura ba. Gindin tsamiya ta zauna har azahar, don kawai in daɗe da goyon.