Abin da Na Faɗa wa Salima Kafin Ta Tafi Lokoja

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyarmu ta zumunta, Alhaji Habibou. Malam Abdul-Hanan, limaminmu da ya ba mu wannan zaure. 'Yar'uwarmu Efua, ma'aikaciyar jinya, wadda ta baro aikinta domin ta zauna da mu. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan'uwa na Nijar da na Gana da na Nijeriya, na nan Tremont da waɗanda suka taso tun daga Flatbush. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Mu'awiya, direban tasi ne ni, haifaffen Lokoja. Shekarata ashirin da ɗaya a wannan gari ban taɓa riƙe makirufo ba. Ina gode wa shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma gode muku da kuka tsaya mini a watan Satumbar bara: waɗanda suka yi wanka, waɗanda suka yi salla, waɗanda suka bi mu har maƙabarta a New Jersey, da matan da suka yi sati uku suna aiko mana da abinci. Allah ne kaɗai zai biya ku.

An kira wannan taro ne saboda hutun makaranta ya matso, kuma da yawanku sun riga sun yanki tikitin gida. Maganata uku ce: wani tsohon labari, sai labarin gidana, sai roƙo.

Na farko. Lokoja, ga wanda bai sani ba, nan ne kogin Kwara da kogin Binuwai suke haɗuwa. Kakana matuƙin kwalekwale ne, kuma muna yara yakan ba mu labarin da ya gada, na wasu Turawa da suka shigo kogin da jiragen hayaƙi zazzaɓi ya cinye su. Mu dai dariya muke yi. Mukan ce, ga bindiga ga jirgin ƙarfe, amma sauro ya kore su.

Bayan rasuwar matata na yi wata biyu ban iya tuƙi ba. Sai na riƙa zama a laburaren unguwa, har na nemo labarin, 'yata Raudatu tana taimaka mini da tsohon Turancin. A shekarar 1841 jirage uku suka taso daga Ingila suka shigo Kwara da damina, da Turawa wajen ɗari da arba'in da biyar. Sun zaci mugunyar iskar fadama ce ke kawo cutar, har suka haɗa wa jiragen na'urar tace iska, sauro kuwa yana cizonsu ba wanda ya kula shi. Kafin su kai Lokoja mutane sun fara faɗuwa. Yau mutum yana jan igiya, gobe yana rawar ɗari, jibi yana sambatu yana kiran uwarsa, sai a haƙa masa rami a bakin gaɓa a wuce. Jirage biyu suka juya cike da majinyata. Na ukun ya matsa gaba, amma da zai dawo babu kyaftin a tsaye, babu injiniya a tsaye. Likitan jirgin ne ya kama tuƙi, wani masanin duwatsu kuma ya buɗe littafi yana karantawa yana tayar da inji. Kusan dukan Turawan tafiyar sun kwanta, wajen arba'in ba su tashi ba. Samari ne yawancinsu, masu iyaye da mata. Da na karanta ban ga abin dariya ba.

Amma ga abin da kakana bai sani ba. A cikin jiragen akwai baƙar fata 'yan'uwanmu, ma'aikata da tafintoci. Waɗanda aka ɗauka a gaɓar Afirka, kamar yadda na karanta, zazzaɓin bai kayar da su ba. Waɗanda kuwa suka daɗe zaune a Ingila kafin tafiyar, kusan rabinsu sun kwanta. Fata ɗaya, asali ɗaya, amma daɗewa a waje ta zare musu kariyar da suka tashi da ita. Jama'a, wannan rukunin su ne mu. Duk wanda ke cikin zauren nan da ya shekara biyar, ya shekara goma bai kwana a gida ba, jikinsa ya manta.

Na biyu, labarin gidana. Matata Salima, da yawanku kun san ta, tana aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Mount Hope. Shekara goma sha bakwai ba ta ga mahaifiyarta ba, saboda takardu. Mahaifinta ya rasu tana nan, ƙanenta ya yi aure tana nan, duk a waya. Bara takardunta suka fito. Ranar da katin izinin zama ya iso ta zauna a kan matakalar bene ta yi kuka, sannan ta kira Inna ta ce, “Inna, ina zuwa, kuma zan kawo miki jikarki.”

Kafin tafiya ta kai Raudatu asibitin unguwa, aka rubuta wa yarinyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Efua, ga ta nan zaune, ita ta tare ta a ƙofa ta ce, “Maman Raudatu, ke fa? Ke ma sai kin sha.” Ta sa likita ya rubuta mata. Salima ta dawo gida da takardar, ta same ni ina cin abinci, ta ce, “Baban Raudatu, wai ni ma an ce in sha.”

Ina so ku ji amsar da na ba ta, don ban taɓa faɗinta a gaban mutane ba. Dariya na yi. Na ce, “Ke da aka haifa a bakin Kwara? Sauron Lokoja ya san jininki tun kina goye. Wannan na yaran Amurka ne.” Ta yi dariya ita ma, ta ce, “To, shi ke nan.” Ba ta karɓi maganin ba. Ba ta yi gardama da ni ba, don a ganinta na fi ta sani.

Suka yi sati shida a gida, ni ina nan ina aiki. Kullum sai ta aiko da hoto: ga ta da Inna a tabarma, ga Raudatu tana koyon daka, ga su a bakin kogi suna sayen kifi. Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na hotunan nan ba. Suka dawo ƙarshen Agusta lafiya lau.

Kwana tara da dawowa, ranar Juma'a, ta ce kanta na ciwo, tana jin sanyi. Muka ce gajiyar hanya ce da sauyin iska. Ta sha farasitamol ta tafi aiki, don tsohuwar da take kula da ita ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ita. Asabar zazzaɓi ya rufe ta, Lahadi ya sake ta, har ta tashi ta yi mana tuwo da miyar kuɓewar da ta zo da ita. Na ce, “Kin gani? Mura ce.” Wannan sakin da yake yi shi ya yaudare mu. Litinin ya dawo da amai. Na ce mu je asibiti, ta ce a bari zuwa gobe, ni kuma ban matsa ba.

Talata da la'asar ina kan titin Grand Concourse da fasinja a baya, Raudatu ta kira. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mini, ran nan da Hausa ta yi magana. Ta ce, “Baba, ka zo. Mama ba ta gane ni ba. Tana kirana da sunan ƙanwarta.” Na sauke fasinjan a gefen titi na ba shi haƙuri. Kafin in iso motar asibiti ta riga ni.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, “Ta yi tafiya kwanan nan?” Na ce Nijeriya. Aka ɗebi jini, ba a daɗe ba ya dawo ya ce malariya ce, mai tsanani, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ƙoda kuma ta fara gazawa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ni shaida ne. Na tambaye shi ko da mun zo da wuri fa. Sai ya ce, “Cuta ce da muke da maganinta.” Ranar Alhamis da hantsi Salima ta cika, hannunta a cikin nawa, ba ta farfaɗo ta san ina wurin ba. Shekararta arba'in da ɗaya.

Na yi imani ajali ne, kuma ba a ƙara wa rai daƙiƙa. Malam ya zaunar da ni ya tuna mini wannan, ya kuma tuna mini cewa Wanda ya rubuta ajali Shi ya umarce mu da neman magani. Na karɓi na farkon. Na biyun ne nake ɗauke da shi.

Na uku, roƙona. Ina roƙonku, don Allah, duk mai tafiya gida bana, babba ko yaro, ya ga likita tun kafin ya tashi, ya karɓi maganin, ya sha kamar yadda aka ce, har bayan ya dawo. Efua ta zo da takardu da Hausa da Faransanci, tana nan har a tashi. Ina roƙonku, wanda ya dawo ya ji zazzaɓi, ko bayan wata ne, ya tafi asibiti a ranar, kuma kafin a tambaye shi ya ce, “Daga Afirka na dawo.” Kada ku jira gobe, kada ku ce aiki, kada sakin kwana ɗaya ya ruɗe ku.

Sannan ku 'yan'uwana maza, da ku nake musamman. Matanmu suna jin maganarmu ko da wasa muka yi ta. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma a kansa nake neman addu'arku. Ranar da na kira Inna na gaya mata, sai ta ce, “Mu'awiya, ni na kashe ta. Ni na dame ta da ta zo.” Na ce, “A'a Inna, kwana ne ya ƙare.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Wata takwas ke nan tsohuwar nan tana kwana tana tashi da laifin da ba nata ba, ni kuma na san gaskiya na yi shiru. A watan Yuli in Allah ya kai mu ni da Raudatu za mu tafi Lokoja. Zan durƙusa a gabanta in gaya mata abin da na gaya muku yau. Ban san ko za ta yafe mini ba. Ku roƙa mini Allah kada bakina ya mutu idan na ga fuskarta.

Allah ya jiƙan Salima, ya haskaka kabarinta, ya jiƙan dukan mamatanmu na nan da na gida. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya Raudatu da sauran 'ya'yanmu. Matafiyanmu na bana, Allah ya kai ku lafiya, ya sada ku da iyayenku, ya dawo mana da ku cif yadda kuka tafi. Allah ya bar mu tare cikin zumunci.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.