Abin Da Ba Ma Faɗa Wa Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, babanmu Baba Likita, wanda ya shekara talatin a wannan birni yana duba marasa lafiya, mu kuma yana duba mu kyauta; mai girma wakilin hukumar da ke ba mu tallafin karatu, wanda ya taso takanas daga gida don ya gan mu; malam liman da ya ba mu aron wannan zaure; iyayenmu maza da mata da suka rako 'ya'yansu; 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, waɗanda na ga wasunsu da kayan aiki a jiki domin daga nan bakin aiki za su wuce; da ƙannena sababbin zuwa, su goma sha tara, da ke zaune a layin gaba cikin sababbin takalma: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta damƙa mini kujerar walwala shekara huɗu a jere, har 'yan'uwa suka laƙaba mini Uwar Marayu, alhali ni ma marainiyar ce a garin nan. Ina kuma godiya ga waɗanda suka kwana biyu suna girkin da za mu ci in an tashi. Na san ba a daɗe ana sauraron mai magana in ƙamshi yana shigowa ta taga, don haka ba zan ja ba.

An ce in yi wa sababbin ɗalibai jawabin maraba. Na yi irinsa sau uku, kuma duk sau ukun na faɗi abin da ake so a ji: tafiya mabuɗin ilimi, mai haƙuri yakan dafa dutse. Duk gaskiya ne. Amma bana na gaji, jama'a. Na gaji, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zan yi magana a kan abu uku: ɗaki, da aiki, da waya. Kuma zan yi ta ne ta kan mace ɗaya, da izininta, wadda da yawanku kuka sani da Anti Malama.

Na farko, ɗaki. Anti Malama malamar makarantar sakandare ce a gida, shekararta goma sha ɗaya tana koyar da lissafi. Ta ci jarrabawar tallafi, ta bar 'ya'yanta biyu wurin mahaifiyarta, ta zo yin digiri na biyu. Ni na tarbe ta a filin jirgi, ni kuma na kai ta ɗakina, domin a lokacin ina neman wanda za mu raba haya. Ɗakin yana hawa na huɗu, sai ka taka matakala sittin da biyu kafin ka kai. Gado biyu ne a ciki, tsakaninsu taku ɗaya. Tagar tana kallon bangon maƙwabta. Mu bakwai muke amfani da banɗaki guda, har an manna takarda a ƙofa an rubuta wa kowa mintunansa. Ta ajiye akwati, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Ƙanwata, nan ne wurin ajiye kaya, ko? To ina ɗakin?"

Na ce, "Yaya, ai kina cikinsa."

Ta yi dariya har da hawaye. Da na faɗa mata kuɗin hayar, sai dariyar ta tsaya. Ta lissafa da kuɗin gida, ta ce albashinta na wata huɗu ke nan. Na ce mata abin da aka ce mini ranar da na zo: ki daina lissafa kuɗin nan da kuɗin gida, in ba haka ba ko ruwa ba za ki iya sha ba.

Ƙannena, ku ji wannan. Kashi biyu cikin uku na tallafin da ake ba mu, ɗaki ne ke cinye shi. Sauran kashi ɗayan shi ne ci, shi ne sha, shi ne tikitin jirgin ƙasa, shi ne littafi, shi ne kuɗin ɗumama ɗaki in sanyi ya sauko. Wannan in tallafin ya zo a kan kari ke nan. Mai gidan haya kuwa bai san wani abu wai shi jinkiri ba. Ranar ɗaya ga wata yakan ƙwanƙwasa ƙofa da murmushinsa, ya gaishe ka da ladabi, ya tsaya.

Na biyu, aiki. Wata na uku da zuwanta tallafi ya makara. Anti Malama, wadda yara ɗari biyu ke miƙewa tsaye in ta shiga aji, ta samu aiki a ɗakin wanki na wani otal. A ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga, sai tururi da ƙugin injuna. Aikinta ninke zannuwan gado. Takan tsaya awa biyar a ƙafa, zane na fita daga injin guga da zafinsa, ita da wata mata su kama gefe-gefe su ninke, su ajiye, wani ya fito. Yatsunta suka tsattsage har riƙe biro ya zama aiki. Daga nan ta ruga aji. Na sha ganinta a ɗakin karatu, littafi a buɗe, ido a buɗe, amma babu kowa a cikin idon.

Ba ita kaɗai ba ce. A zauren nan akwai mai wanke tukwane a gidan abinci, akwai mai jera kaya a kanti, akwai mai kai saƙo a keke cikin ruwan sama. Babu kunya a ciki, nema ne na halal. Amma jiki ɗaya Allah ya ba mu, mu kuma muna rabawa uku: kashi na malami, kashi na mai aiki, kashi na hanya. Barci shi ne yake samun ragowa.

A shekara ta biyu mai gida ya ƙara haya. Anti Malama ta zaunar da ni ta ce ba za ta iya ba, ta samu wani ɗaki mai araha a ƙarshen layin jirgin ƙasa, awa ɗaya da rabi zuwa makaranta. A nan zan faɗi laifina a gaban kowa. Ban ce mata ta zauna ba. Ban ce mu ƙara tunani ba. Na taya ta sauko da akwati, a raina kuwa ina tunanin wa zan samu ya maye gadonta kafin ƙarshen wata. Haka garin nan yake mayar da mutum. Ba mugunta ba ce, gajiya ce. Gajiyayye ba ya ganin gajiyayye.

Na uku, waya. Wannan shi ne babba, kuma ina roƙon iyayenmu su ba ni kunnuwansu. Duk ranar hutu Anti Malama takan ari rigar sanyina mai kyau, ta tsaya gaban babban ginin makaranta, in ɗauke ta hoto tana murmushi, ta tura gida. Kowa a nan ya yi irin wannan, kada wanda ya sunkuyar da kai. Ba ma ɗaukar hoton ɗakin wanki. Ba ma ɗaukar hoton burodi da shayin da muka ci safe da rana. A gida kuwa in an ga hoto, sai a ce Alhamdu lillahi, wance ta haye.

To wanda ya haye ai shi ake kira. Na ji da kunnena yayanta yana cewa a waya, "Ke da kike ƙasar waje, ɗan abin da za ki turo ai ba zai girgiza ki ba. Idon Inna ne za a yi wa aiki." Ta ce, "To, Yaya, in sha Allah." Bayan sati biyu kuɗin makarantar yara. Bayan wata ɗaya rufin ɗaki ya yaye. Babu wanda ya tambaye ta abin banza, kuma babu wanda ya san halin da take ciki, domin ita ce ta ɓoye. Na ce mata, "Yaya, ki faɗa musu gaskiya mana." Ta ce, "Ƙanwata, Inna ta sayar da gonarta don tikitina. Da wane bakin zan ce mata wanki nake yi?"

Wata ranar Talata da hantsi, ina cikin aji, wayata ta yi ƙara. Wata baƙuwar mata ce, ta ce ta ga lambata a takarda cikin jakar wata baiwar Allah da ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa. Na kira Baba Likita, ya bar abin da yake yi, muka haɗu a asibiti. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Baba ya zauna bakin gadon ya ce, "'Yata, yaushe rabonki da cin abinci, abinci na gaske?"

Ta yi tunani, sannan ta ce, "Baba, shayi yana cikin lissafi?"

Sati uku ta yi a kwance. Kafin ta tashi, lokacin miƙa kundin bincikenta ya wuce. Makaranta ta ce za a iya ƙara mata zango ɗaya, amma sai ta biya kuɗin zangon. Muka yi karo-karo a ƙungiyar nan, kowa ya kawo abin da ya iya, wani ma kuɗin tikitinsa ya bayar ya koma tafiya a ƙasa. Bai kai rabi ba. Takardar izinin zamanta ta ƙare. Shekara biyu, jama'a, babi ɗaya ya rage mata. Ta koma gida da wata takarda mai cewa ta halarci darussa.

Na raka ta filin jirgi. Na ce ta yafe mini. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ba ki yi mini komai ba. Ni dai abin da nake so yanzu, in kwanta in yi barci ba tare da na saita agogo ba."

Yanzu tana ajinta tana koyar da lissafi. Ta ce mini da ta zauna ta faɗa wa Inna komai, tsohuwar ta kama yatsunta tana jujjuyawa, ta ce, "Gona ai ƙasa ce, ana sayar da ita a sayi wata. Ke a ina zan sayo ki?"

Saboda haka ina da roƙo. Ranka ya daɗe, wakilin hukuma, mun san ba kai ke riƙe da baitulmali ba, kuma mun gode da abin da ake ba mu. Ba ƙari muka fara roƙo ba. Muna roƙon ya zo ranar da aka ce zai zo, in kuma zai makara a sanar da mu, domin mu san yadda za mu fuskanci mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ka kai mana wannan saƙo yadda ka ji shi, kada a yi masa kwalliya a hanya.

Iyayenmu, kafin ku koma, ku bi 'ya'yanku ku ga inda za su kwana. Ku hau matakalar da ƙafarku, ku buɗe firjin da hannunku. Gani ya kori ji. In kun koma gida kuma, ku gaya wa dangi abin da kuka gani.

Ku kuma ƙannena, in wata ya yi muku nisa, ku yi magana tun ranar goma, kada ku jira ranar talatin. Kada ku nemi ɗaki inda babu ɗan'uwan da zai lura in kun kwana biyu ba ku fito ba. In kun ga wani ya daina zuwa cin abinci tare da mu yana cewa ya ƙoshi, ku bi shi da kwano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ballantana hannun da ya wuni yana aiki.

Daga yau na sauka daga wannan kujera. Wata shida ya rage mini in gama karatun haɗa magunguna, kuma ina so in gama shi da raina. Amma ba zan ba ku shawarar da ni ban bi ba. Makon jiya na kira mahaifina. Shekara biyar ina ce masa lafiya lau. Ran nan na ce, "Baba, ba lafiya lau ba ne." Na faɗa masa ɗakin, na faɗa masa tukwanen da nake wankewa a gidan abinci, na faɗa masa watannin da na raba abincin kwana biyu ya kai ni kwana huɗu. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce in yi haƙuri. Sai kawai ya ce, "Yau kin ci abinci?"

Na ce, "Tukuna, Baba."

Ya ce, "To ajiye wayar nan a gefe, kada ki kashe. Je ki zubo, ki zo ki ci ina ji."

Na zubo, na zauna a bakin gado na ci, shi yana can kan layi, ina jin numfashinsa. Da na gama ya ce, "Madalla. Gobe ma zan kira."

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya, ya ba su ƙarfin jin ta. Allah ya ƙara wa Baba Likita lafiya da nisan kwana. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Allah ya buɗa wa Anti Malama wata ƙofar da ta fi wadda ta rufe. Waɗanda za su wuce bakin aiki daga nan, Allah ya sassauta musu wunin yau. Sababbin zuwa, Allah ya sa ku gama abin da ya kawo ku, ku koma da takardarku a hannu da lafiyarku a jiki. Mu kuma da muka gaji, Allah ya ba mu hutu mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.