Ranar da Aka Ce wa Yayana "Ya Jiki?"

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali?

Makon jiya na ji baƙonku yana cewa ranar wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta kai a rubuta ta a kundin ilimi na intanet ba, wai taron shan lemo ne kawai. Raina ya ɓaci.

Yayana Sale ya samu taɓin hankali, shekara shida yana zaune a zaure. Kun san mu, ko zazzaɓi mutum ya yi sai an zo dubiya, amma shi sai dai a yi wa Innarmu jaje, a wuce shi kamar turmi.

Bara, a irin wannan rana ta wayar da kai, ma'aikatan lafiya suka zo garinmu daga Gwarzo. Wata dattijuwa a cikinsu ta cire takalmi, ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam Sale, sannu, ya jiki?" Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Da sauƙi, Hajiya." Inna ta fashe da kuka.

Ita ta nuna mana asibitin da za mu kai shi, Allah ya saka mata da alheri. Yanzu yana shan magani, bana har da shi aka yi yankan dawa.

Malam, ku ba ni shawara: wa zan samu ya rubuta ranar nan a kundin? In shaida suke nema, Yaya Sale ya ce zai zo da ƙafarsa.

Daga Hadiza, Masanawa, Kabo.