Fanka da Muryar Odell

A layin wani shagon kwamfuta a Memphis, wani mutum ya leƙa kwalin da dattijuwar da ke gabansa ta riƙe.

"Mama, wannan ƙwaƙwalwar kwamfutar ai raguwa ce. Me za ki yi da ita?"

"Waƙa zan ɗauka."

"Haɗa kiɗa sana'ata ce. Mayar da ita, ki ɗauko babbar."

"Ai babbar na fara saya. Zafi take yi, fanka ta yi ta gurnani, makirufo yana kwashewa."

"Mawaƙin ya ɗaga murya mana!"

Ta gyara riƙon kwalin.

"Mijina ne, Odell. Da, a cocinmu, ko makirufo ba ya nema. Yanzu daga kan gado yake rerawa, fanka ma ta fi shi murya."