Jan Layin da Ba Za Ta Ƙara Gani Ba

A tashar Birnin Kudu, muna jiran motar Gwaram ta cika, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa da littafi buɗe a cinya.

"Baiwar Allah, ai a juye kika riƙe shi."

"Duk ɗaya ne yanzu, Baba. Daga asibiti nake. Likita ya ce jijiyar idon ta mutu, ko tabarau ba zai yi ba."

"Subhanallahi! Wane littafi ne?"

"Maganar Allah ce, tamu ta Kirista. Tun ina budurwa ba na karyawa sai na karanta."

"To ai da sauƙi. Abin da kika haddace ya ishe ki. Mu ko a duhu da ka muke tilawa."

"Ban haddace ba. Ayar da ta taɓa ni, layi nake ja mata da jan biro, wai in dawo in same ta."

"Yaranki fa?"

"Suna Legas. Sai gaisuwa a waya."

"Kawo in karanta miki... Kash, ni ma ajami kawai na iya."

"Bar shi, Baba. Duba mini dai, jan layin yana nan?"

"Yana nan, kusan kowane shafi."

"Kusan kowane shafi," in ji ta. Ta rufe littafin.