Shatar Madadi

A tashar Gwarzo, Uwaisu ya je sayen magani ya dawo, ya tarar motar da ya ɗauka shata ta cika maƙil da mutanen garinsu, Madadi.

"Direba, me nake gani haka? Ba shata muka yi ba? Na ce maka mahaifiyata za mu ɗauko a asibiti, ta kwanta a baya, ƙafarta a ɗaure take!"

"Shata ce mana, Malam. Ni ban kira kowa ba. Su suka ji labari suka zo, kowa ya ce ɗan garinku ne."

"To ka sauke su!"

"Ni? Da motar layi ce, da tuni na yi. Ta shata kuwa, wanda ya ɗauka shi ke saukewa. Bismillah, fara da na gaba."

Uwaisu ya leƙa. Kawunsa ne zaune da buhun taki a cinya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Amin, Kawu."

Ya ja direban gefe, yana huci.

"Kai su. A ina zan samu a-daidaita-sahu?"

"Bayan tasha. Amma ka bi ta lungu, akwai mutum uku da ba su samu wuri ba."